Ta ɗoru, to ta zaunu? Neman Hausar "sitabiliti" a karayar idon sawu

Assalamu alaikum jama'a. Kalma guda ce ta tsaya mini a wuya tun shekaranjiya, na ce bari in kawo ta nan a taru a kanta.

Ƙanwar wani abokina, wadda ke aikin gashin ƙashi a wani asibiti nan Jos ta kawo mini takarda shafi biyu in mayar mata da ita Hausa. Irin takardar nan ce da ake miƙa wa wanda aka yi wa tiyatar idon sawu ranar sallama: yaushe zai dawo a cire zare, yaushe zai fara taka ƙafar, me zai gani ya garzayo asibiti ba sai ranar da aka ba shi ta yi ba. Ta ce ni ta zaɓa don na san zafin abin. Gaskiyarta. Akwai ƙarfe da noti 7 a ƙafata ta dama, shekara 3 ke nan, tun wata asubar watan Agusta da ruwa ya kwana yana zuba, na taka dutsen bakin layinmu ina sauri kada raka'ar farko ta wuce ni. Ƙarar da na ji har yau tana kunnena, kamar an karya rake.

Aikin ya tafi sumul har na iso kan kalmar da likitan ƙashi ba ya minti biyar bai faɗe ta ba, wato sitabiliti. In 'yan jarida sun ci karo da ita a labarin siyasa sai su ce zaman lafiya ko kwanciyar hankali, a labarin kasuwa su ce daidaituwar farashi. To idon sawu dai ba shi da hankalin da zai kwanta.

Bari in faɗi abin da suke nufi da ita, kada mu yi ta harbi a duhu. Ƙashi uku ne suka haɗu a idon sawu. Akwai babban ƙashin ƙwauri, akwai siririn da ke gefensa ta waje, sai wani dunƙulallen ƙashi a ƙarƙashinsu da likitoci ke kira talus. Ƙululun nan biyu da kake kai ruwa kansu in kana alwala, ƙarshen ƙasusuwan saman ne, sun sa talus a tsakiya kamar yadda awartaki ke cafke ƙarfe. Abin da ke hana bakin awartakin wagewa wasu gajerun jijiyoyi ne masu tauri da suka ɗaure ƙasusuwan biyu da juna daf da gaɓar, da wata mai faɗi ta ɓangaren ciki. Idan mutum ya ɗora nauyinsa, ƙafa tana lanƙwasa sama da ƙasa yadda ya kamata, amma talus bai gusa gefe ba, bakin awartakin bai buɗe ba, to shi ne abin da nake nema wa suna.

Kada ku raina gusawar. A 1976 wasu likitoci biyu, Ramsey da Hamilton, sun gwada a kan ƙafafun gawa, suka ga idan talus ya matsa waje da milimita 1 kacal, filin da ƙasusuwan ke taɓa juna yana raguwa da kashi 42 cikin 100. Milimita ɗaya fa, da kaɗan ya fi kaurin katin cirar kuɗi. Nauyin mutum bai ragu ba, wurin da yake sauka ne ya tsuke, kamar ka ɗauki buhun dankali ba gammo. Guringuntsin da ke tsakani shi ke shan wahalar, kuma shi in ya cinye ba ya tsirowa.

Bismillah, a kawo shawara.

*

Na gode ƙwarai, ban zaci abin zai tara mutane haka ba. Mafi yawanku kun ce ƙarfi, wasu sun ce ƙwari. Ku yi haƙuri, ƙarfi ba zai yi ba, don akwai wani sashe daban a takardar da ke maganar ƙarfin tsokar sharaɓa, kuma za ka ga ɗan ƙwallo mai sharaɓa kamar taɓarya amma idon sawunsa na gurɗewa duk wata. Ƙarko na takalmi ne da yadi, yana faɗin daɗewar abu, bai faɗi yadda abin ya tsaya ba. Ɗorewa kuwa ƙungiyoyin agaji sun gama tsotse ta, sannan ta yi kusa da ɗori da yawa, a takardar karaya sai ta rikita mai karatu.

Daidaito ya ɗan ja hankalina, har na fara rubutawa, sai wata malamar jinya da ta daɗe a ɗakin tiyata ta taka mini birki. Ta ce: "Malam, kana haɗa abu biyu. Mayar da ƙashi mazauninsa daban, ya tsaya a wurin bayan an mayar da shi daban. Sau nawa ake ja a daidaita ƙafa, a ɗauki hoto ya fito tsaf, a naɗa siminti, bayan sati biyu kumburi ya saɓe a sake hoto a tarar ta zame?" Anti, na karɓi gyara. Wancan na farkon mun bar shi a saiti, tunda kowa ya san a saita abu. Saura na biyun.

Wani malaminmu na Hausa, Allah ya ƙara masa lafiya, ya kawo kafuwa. Kalma ce mai nauyi, na so ta. Amma da na tura wa mai takardar sai ta kira ni a waya tana salati. Ta ce babban yaƙin da suke yi kullum da marasa lafiya shi ne ƙafa ta ƙage bayan makonni a siminti, mutum na jin zafi yana gudun motsa ta. In takardar asibiti ta ce ana son gaɓa ta kafu, wa zai ƙara yin atisaye? Ta ƙara da cewa akwai ma tiyatar da ake yi da gangan idan gaɓa ta gama lalacewa, a kankare ragowar guringuntsin a manne ƙasusuwan su zama ɗaya, zafi ya tafi, lanƙwasawa ma ta tafi. Wannan aikin shi ya cancanci a ce an kafe gaɓa. Allah gafarta Malam, ka ga kalmarka ba ta faɗi ƙasa banza ba, ta sami gidanta a wani shafin.

Wanda ya fi ba ni dariya kuma ya fi kowa kusa da gaskiya wani bakanike ne daga Dilimi. Ya ce su a wajensu ba a wahalar da kai: a ɗaga mota a jak, a kama taya sama da ƙasa a jijjiga, in ta amsa sai a ce tana wasa, boris ya ci. Maigida, wallahi abin da likitoci ke yi ke nan a tiyata. Bayan sun ɗaure siririn ƙashin da ƙarfe, sai su saƙala masa ƙugiya su ja shi waje suna kallon hoto. In ya rabu da babban, jijiyoyin tsakani sun tsinke, dole a ƙara wani abu ya riƙe su. Don haka kishiyar kalmar tamu ta samu tun kafin ita kanta. A baka a ce gaɓa tana wasa. A rubuce na fi son girgiɗi, irin na haƙori, don in ka ce wa Bahaushe ƙafarsa na wasa zai ɗauka abin ma wasa ne.

*

Jiya da yamma na je gaida Kawu, kuma a can na samo abin da nake nema ba tare da na tambaya ba.

Kawu ya yi shekaru yana harkar kayan gwari a Farin Gada. Shekara 22 da suka wuce ya faɗo daga kan motar kabeji, ƙafar hagu ta juya. Aka kai shi wajen mai ɗori, aka ja, aka jera kara, aka ɗaure. Kwana arba'in ya miƙe, 'yan uwa suka yi ta barka, ya koma kasuwa. Ya fi shekara goma ba ya ko tuna ta sai in ya yi doguwar tafiya. Daga baya ta fara yi masa tsami da safe, sai kumburi in ya wuni a tsaye. Yanzu in sanyin Disamba ya sauko garin nan, daga ɗaki zuwa zaure sai ya dafa bango. Zaman tahiya ya gagare shi, a kujera yake salla. Hoton da aka ɗauka bara ya nuna ƙasusuwan sun haɗe ƙam, amma talus ya karkata waje, kuma ratar da guringuntsi ke cikewa ta kusa shafewa.

Na tarar da shi ya miƙe ƙafar a kan buzu yana shafa mata man zafi. Na ce, "Kawu, ashe ɗorin nan bai yi ba."

Ya ɗago ya harare ni. Ya ce, "Kai ɗan nan, kada ka ɗauki alhakin bawan Allah. Ƙashi ya kama, ta ɗoru. Ni dai na san tun ranar da na fara takawa ƙafar nan ba ta zauna ba."

Na yi shiru ina juya maganar. Ta ɗoru, ba ta zauna ba. Abin da takarda shafi biyu ke ta kewaye-kewaye a kai ke nan, tsoho ya faɗe shi a numfashi ɗaya.

Labarin Kawu ba baƙon abu ba ne a wajen likitoci. Amosanin gwiwa da na ƙugu galibi shekaru ne ke kawo su, amma na idon sawu kashi 70 zuwa 80 cikin 100 tsohon rauni ne ke haifar da shi. Wani bincike da aka yi a Suwizalan aka buga a 2009 ya duba mutanen da gaɓarsu ta gama lalacewa bayan karaya, ya tarar matsakaicin tazarar da ke tsakanin karayar da lalacewar ta kai kimanin shekara 20. Shi ya sa ake ruɗuwa. Ranar da aka kwance kara ko aka yanke siminti ake yanke hukunci, alhali shari'ar sai bayan yaran da aka haifa a shekarar sun yi aure.

Kuma gaskiyar Kawu ne da ya hana ni zagin mai ɗori. Karayar idon sawu ba iri ɗaya ba ce. Wani likitan Suwizalan mai suna Weber ya kasa ta uku a 1966, gwargwadon inda siririn ƙashin ya karye: ƙasa da gaɓar, daidai gaɓar, ko sama da ita. Yawanci gwargwadon hawan karayar sama, gwargwadon yiwuwar jijiyoyin tsakani sun tsinke. Akwai ma wadda ƙashin ke karyewa can kusa da gwiwa, a ɗauki hoton idon sawu kaɗai a ga kamar ba karaya, nan kuwa gaɓar a buɗe take. Wani likitan Faransa ya bayyana irinta tun 1840. Karayar da ba ta shafi zaman gaɓa ba, ko a asibiti ba a yi mata tiyata, takalmin roba mai tauri ko siminti ya ishe ta, kuma irinta ce ke warkewa lafiya lau a hannun mai ɗori har sunansa ya zaga gari. Wadda ta sa gaɓa girgiɗi ita ce matsalar, kuma hannu kaɗai ba ya bambanta su in ƙafa ta kumbura. Ita ma tiyatar ba alkawari ba ce. In guringuntsi ya daku tun lokacin faɗuwar, ko gaɓar ta goce gaba ɗaya, ko leɓen bayan babban ƙashin ya ɓalle, amosani na iya zuwa ko da aikin ya yi kyau. Ciwon sukari da shan taba kuma suna jinkirta warkewa, suna jawo ruɓewar rauni.

Don haka ga shawarata: zaunuwa. Zaunuwar gaɓa.

*

To, an yi mini ca, kuma na ji daɗin hakan.

Malam ya fara da goyon baya ta fuskar nahawu. Ya ce aikatau mai ƙarewa da wasalin u a Hausa yana nuna aiki ya kama sosai: a dafa abinci ya dafu, a ɗaure kaya su ɗauru, a gyara mota ta gyaru. Ɗoru da Kawu ya faɗa daga wannan gidan ta fito, don haka zaunu 'yar uwarta ce, kuma jerin zai yi daɗin riƙewa: ta ɗoru, ta saitu, ta zaunu. Sai dai ya ja kunnena cewa ana cewa gari ba ya zaunuwa, ma'ana ba a iya zama a cikinsa. Haka ne Malam. Amma ba wanda zai ji an ce gaɓa ba ta zaunu ba ya ɗauka ana neman wurin shimfiɗa tabarma ne a kanta.

Wata baiwar Allah ta ce ƙafa ai tsayuwa take yi, me ya haɗa ta da zama? Na kai wa Kawu wannan ƙorafin da kaina. Ya ce, "Gini a tsaye yake ko a zaune? Amma in tushe ya yi kyau me magina ke cewa? Hular da ke kanka fa, in ta yi maka daidai? Yaro in ya haddace izu har ba ya tuntuɓe, ba cewa ake karatu ya zauna ba?" Hajiya, sai ki je ki ƙarasa da shi, ni na sallama.

Wani ɗan uwa daga Abuja ya ce duk wannan wahalar banza ce, a bar ta sitabiliti kawai, yadda muka karɓi asibiti da likita da tiyata. Ba ni da faɗa da aro, rabin kayan da ke ɗakina sunan aro gare su. Amma waɗancan sunayen abubuwa ne da ido ke gani, ka nuna wa mutum sau ɗaya ya gane. Wannan kuwa bambanci ne ake so ya shiga kan mutum, wanda zai sa ya yarda a yi masa aiki ko ya haƙura da taka ƙafa duk da ba ya jin zafi. In likita ya ce wa dattijuwa ƙafarki ba sitabul ba ce, za ta ce to, ta fita ta tambayi jikanta. In ya ce Baba ƙashin zai haɗe amma gaɓar ba za ta zaunu ba sai an sa ƙarfe, ta san me aka ce, ko da ta ƙi.

Wadda ta kusa kayar da zaunuwa ita ce riƙo, kuma mai takardar ce da kanta ta kawo ta. Mun ja sosai kafin mu gane kowannenmu abin da yake hange daban. Ni ina maganar ƙashi da jijiya, ita tana maganar mutumin da hotonsa ya fito lafiya amma yana jin ƙafar za ta ba shi kunya. Na san wannan sarai. Wata biyar bayan aikina, likita ya ce komai ya yi, amma in na taka hanyar unguwarmu mai tsakuwa da kwazazzabo sai in ji kamar ƙafar aro ce. Ashe akwai wani ji da gaɓa ke da shi, wanda ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda ƙafa take ba sai ka duba ba, kuma rauni da zaman siminti suna dakushe shi. Maganinsa atisaye: tsayuwa da ƙafa ɗaya, da farko kana dafe da bango, daga baya ba dafawa, daga baya ido a rufe. Ni lokacin asuwaki nake yin nawa, matata na dariya tana ce mini zalɓe. Su ma likitoci sun raba girgiɗin da ke cikin ginin gaɓa da wanda ke zuwa daga raunin tsoka da ji. Sai muka raba gado: zaunuwa aikin likitan tiyata, riƙo aikin mai gashin ƙashi da mai ƙafar.

Riƙo ta sake samun wani aikin ma. Dogon notin nan da ake ratsa ƙasusuwan biyu da shi don jijiyoyin tsakani su samu su warke, bakaniken Dilimi ya raɗa masa notin riƙon ƙwarya, kuma ban ga mai iya ƙwace sunan ba. Da can ana yawan komawa tiyata a cire shi bayan wata biyu zuwa uku. Yanzu likitoci da yawa na barinsa in bai dami mutum ba, wasu kuma na amfani da zare mai ƙarfi da maɓalli biyu a madadinsa. Nawa ya karye a ciki, a hoton shekara ɗaya na gan shi gida biyu, gabana ya faɗi. Likita ya ce ba komai, ya riga ya gama aikinsa, yakan karye ne in gaɓa ta koma ɗan motsinta na asali.

Wani abu da na tsinta a hanya, ba a tambaye ni ba amma sai na faɗa. Akwai ma'aunin tambayoyi 9 da wasu likitocin Suwidin biyu, Olerud da Molander, suka fitar a 1984, ana amfani da shi har yau wajen auna yadda ƙafa ta warke, maki 100 ne cikakke. Zafi ya kwashi 25, komawa aiki 20. Tsuguno maki 5 kacal aka ba shi. Wanda ya tsara wannan bai taɓa alwala da buta a bakin kwata ba, bai san masai na tsuguno ba, balle zaman tahiya. In za a mayar da shi Hausa wata rana, a kira ni.

Ga yadda sakin layin ya fito a ƙarshe, a duba mini:

"An sa miki ƙarfe ne don gaɓar ta saitu kuma ta zaunu. Ƙashi yakan ɗauki kamar mako 6 kafin ya haɗe, amma kumburi na iya kai wata da watanni, har shekara. Rashin jin zafi ba ya nufin gaɓar ta zaunu. Kada ki ɗora mata nauyi sai ranar da likitanki ya ce, don kowace karaya da lokacinta. Atisaye shi zai dawo miki da riƙo. Idan bayan kin warke kika ji gaɓar na girgiɗi, ko tana yawan gurɗewa, ko tana kumbura duk yamma, ki dawo a ɗauki hoto, ko da shekaru sun wuce."

Ɗazu mai takardar ta aiko mini da saƙon murya. Ta karanta wa wani mai Keke Napep da aka yi wa aiki makon jiya, ba ta yi masa wani ƙarin bayani ba. Ta ce ya saurara har ƙarshe, ya kalli ƙafar, ya ce, "To Anti, tawa ta zaunu ko da saura?"

Saura kalmar jijiya. A takardar nan kaɗai na kira abu huɗu da sunan: mai ɗaukar jini, mai ɗaukar ji, mai haɗa tsoka da ƙashi irin agara, da mai ɗaure ƙashi da ƙashi. Bakanike ya riga ya ce tiyo, waya, kebur da belt. Malam bai gani ba tukuna.